Rubutun Da Ke Bisa Ruwan Ikko

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka fili kaɗan in bayyana wa 'yan'uwa wani abu na hanyar ruwa, gama mutanenmu da yawa yanzu in sun sauka Ikko sukan yi hayar ƙaramin jirgi don shan iska.

Na sami hutu, na shiga irin wannan jirgi zuwa Tarkwa Bay, wani gaɓar yashi da ke bakin mashigin da manyan jiragen teku ke bi su isa Apapa. A mashigin nan ido ba ya rarrabe zurfi da tudu, ruwa duk ɗaya ne. Saboda haka aka jera waɗansu manyan ganguna masu iyo, kowace an ɗaure ta da sarƙa ga wani nauyi a ƙarƙashin ruwa. Su ne rubutun hanya, matuƙi yana karanta su kamar yadda almajiri ke karanta allo.

To, ga yadda karatun yake. Ana fara shi daga teku ne. In jirgi ya nufo gari, ja tana hagunsa, tsanwa tana damansa, zurfi yana tsakaninsu. In fita za shi, sai abin ya juya, ja ta koma dama. Wanda ya haddace launi bai san inda ya dosa ba, bai haddace kome ba. Don kada hazo ya ɓata launi, aka bambanta siffarsu: ja kanta a shafe kamar gwangwani, tsanwa da tsini kamar jinkar ɗaki. Da dare masu fitila sukan ƙifta, kowace da launinta.

Akwai kuma baƙa mai jan ɗamara da ƙwallo biyu baƙaƙe a ka. Ita cewa take yi mugun abu na ƙarƙashina, dutse ko jirgin da ya nutse, a kewaye ni. Mai ratsin ja da fari a tsaye kuwa, ruwa lafiya ko'ina kewaye da ita.

Dā kowace ƙasa da nata tsari. A 1971 wani jirgi ya nutse a mashigin Doba, tsakanin Ingila da Faransa, waɗansu biyu suka zo suka hau kansa, mutum 51 suka hallaka. Wannan ya sa aka tashi gyara, har a 1980 aka daidaita bisa tsari biyu. Afirka da Turai namu ɗaya. Amma Amurka da Japan da Koriya da Filifin, ja tana daman mai shigowa. Wanda ya koyi tuƙi can sai ya kiyaye.

Abin da ya fi damuna shi ne samari masu gudu da ƙananan jirage a tsakiyar hanyar nan. Babban jirgi ba shi da birki irin na mota, ba ya kuma iya kaucewa, don in ya bar tsakanin gangunan sai ya kafe. Dokar teku ta 1972 ta ce jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babba ƙunƙuntar hanya, kowa kuma ya riƙe damansa. Ban da haka, ba a ɗaure jirgi jikin ganga.

Mu na bakin Kwara da Binuwai abin ya shafe mu. A 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a ƙasar Pategi, suna komowa daga biki da dare cikin kwalekwale. Ashe hanyar ruwa tana bukatar alama da mai karanta ta. Ina roƙon malaman makaranta na garuruwan bakin kogi su koya wa yara launukan nan, hukuma kuma ta yawaita alamu inda jama'a ke ƙetarewa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mu. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Lakwaja.