Ko Ɗan Gida Zai Iya Juya Akalar Shugaba?



Mu da muke zama a bencin mai shayi a Nima bayan sallar isha'i, har yau ba mu manta da gardamar da muka sha a watan Yulin 2011 ba. A lokacin ne Nana Konadu Agyeman-Rawlings ta fito takarar fid da gwani a jam'iyyar NDC, tana neman karɓe tuta daga hannun shugaba mai ci, marigayi John Atta Mills. Wasunmu suka ce ɓata gida ne kawai. Wasu kuwa suka ce ko ba ta ci ba, ai za ta sa shugaba ya farka, ya waiwayi matasan jam'iyya da suka yi wahalar zaɓe aka manta da su.

Da aka ƙirga ƙuri'u a Sunyani, Mills ya samu 2,771, ita kuwa 90. Shugaba ya ci gaba da tafiyarsa ta sannu-sannu yadda ya saba. A 2012 ta fice zuwa sabuwar jam'iyya, NDP.

To, ashe ke nan ja da mai kujera aikin banza ne? Wani dattijonmu da ba ya rabuwa da rediyo ya ce mu duba Amurka. A 1968 Sanata Eugene McCarthy, mai adawa da yaƙin Biyetnam, ya samu kashi 42 cikin ɗari a jihar New Hampshire. Bai ci ba, amma kafin ƙarshen watan Maris shugaba Johnson ya rage ruwan bama-bamai, ya kuma ce ba zai sake tsayawa ba. A 1992 Pat Buchanan ya samu kashi 37 a jihar, sai ga shugaba Bush yana cewa ƙarin harajin da ya yi kuskure ne. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Abin da muka fahimta shi ne, shugaba ba ya jin hayaniya, lissafi yake ji. Kashi 42 ya hana Johnson barci. Kashi 3 bai hana Mills komai ba. Kuma a Amurka talakawan jam'iyya ne suka jefa ƙuri'a, a Sunyani kuwa wakilai ne da ba su kai 3,000 ba.

Nan ne maganar ta shafe mu. Mun iya cika filin gangami, mun iya kiɗa da sa riga. Amma 'ya'yanmu nawa ne ke riƙe da muƙami a reshen jam'iyya, kowace jam'iyya ce, har su zama wakilai? Kwatocinmu da makarantunmu ba za su shiga lissafin mai kujera ba sai ranar da ƙuri'armu ta shiga ɗakin da ake fid da gwani.

Idan an kira taron reshe a unguwarku, ku je, ku tsaya. Allah ya sa mu dace, amin.