Baƙin Allo da Kwamfutar da Ta Yi Gum

Abin da ya fi damuna da Nintendo Switch da aka taɓa cikinta shi ne shirunta. Idan ta shiga yanayin RCM, wato ƙofar gyara da ke cikin guntun Tegra X1 na kamfanin Nvidia, allonta baƙi ƙirin yake zama. Ko a kashe take, ko ta shiga, ko batir ne ya ƙare, duk fuska ɗaya ce. Kwamfuta kaɗai ke iya faɗa maka halin da ake ciki, ita kuma sai ta yi gum.

Nakan fara da igiyar USB, don a nan matsalar ta fi yawan ɓuya. Wasu igiyoyin na caji ne kawai: siraran wayoyi biyu na wuta ne a ciki, babu biyun da ke ɗaukar bayanai, kuma daga waje ba ka iya bambance su. Na'urar za ta ci wuta lafiya lau, amma Windows ko 'yar ƙarar nan ta sanarwa ba zai yi ba. Ina tausayin wanda ya kwana yana sauke manhajoji alhali igiya ce ta ci amanarsa.

In ƙarar ta fito, sai in duba Device Manager ina neman sunan APX, wanda na'urar ke bayyana da shi a yanayin RCM. Ko da alamar rawaya a gefensa, hankalina ya kwanta: direba ne ya rage, manhajar TegraRcmGUI kuma tana saka shi.

Switch ɗin da aka ƙera bayan tsakiyar 2018 kuwa, Nintendo ya riga ya toshe kafar da ake bi ta RCM a tura mata manhaja. Kwamfuta za ta iya ganinta, amma abin da ka tura ba zai tashi ba.