Shekarar da Muka Yi wa Tarwada Ƙaura

A Ƙaura Namoda, idan bazara ta kankama, Gulbin Gagare ya zama yashi, ɗanyen kifi sai mai kiwo. Abin da ya ja yayana cikin sana'ar ke nan. Yana da tankin roba a bayan gida, da wata tsohuwar duro cike da tsakuwa, wadda famfo ke tura ruwan ta cikinta ya tace shi ya mayar. Masu farfesu na saye, ran Alhamis kuma akan kai saura kasuwar Shinkafi.

Da ciniki ya buɗe, sai ya gina babban tankin siminti. Ranar ƙaura ni da ƙannena muka yi aikin. Tsakuwar duron nan ta yi yauƙi, ta koma ruwan ƙasa, sai Yaya ya ce a wanke ta da omo a shanya. Muka dirje ta tas, aka cika sabon tanki da ruwan burtsatse garai-garai, aka juye kifin gaba ɗaya.

Kafin mako ya zagayo, tarwada suka daina cin abinci. Da asuba na haska tocila na gan su tsattsaye a saman ruwa, gashin bakinsu a waje, jikinsu a sake. Ruwan na ɗan warin fitsari. Kullum sai mun kwashe matattu da kwando. Maƙwabta suka ce kambun baka ne.

Wani abokin Yaya da ya yi karatun kiwon kifi a New Bussa ya zo jaje. Ya tsaga matacce guda, ya nuna mana jinin ya yi duhu, ya koma launin ƙasa. Ya dubi busasshiyar tsakuwa ya ce, "Malam, ai ma'aikatanka ka kora."

Ya ce kifi na fitar da guba mai suna amoniya, ragowar abinci ma idan ta ruɓe haka. A cikin yauƙin da muka wanke akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani. Wasu na mayar da amoniya naitrait, wadda ke hana jini ɗaukar iska, wasu kuma su mayar da naitrait ɗin naitret, mai sauƙin illa, abincin tsiro. Masanin Rasha Sergei Winogradsky ne ya gano aikinsu tun wajen 1890. Kafin su yi yawa a sabon tanki sai an yi mako huɗu zuwa shida. Ga zafin bazara, ga kaifin sabon siminti, duka biyu suna ƙara wa amoniya dafi. Ya ce ko masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi a Turai, idan za su sauya akwati, da duwatsun tsohon suke ƙaura, a jiƙe cikin ruwansu.

Ya sa aka tsayar da abinci, ana rage ruwa ana ƙara sabo kowace safiya, aka zuba ɗan gishiri don kashe kaifin naitrait. Ni aka aika gidan wani mai kiwo na roƙo bokitin tsakuwa mai yauƙi, na ɗauko ta da ruwanta. A hankali mutuwa ta tsaya, waɗanda suka tsira suka koma rububin abinci.

Daga nan Yaya bai sake cika sabon tanki a rana guda ba. Yakan jiƙa simintin ya zubar da ruwan sau da dama, ya kawo tsohuwar tsakuwa, sannan ya saka kifi kaɗan-kaɗan. Ruwan da yake zubarwa kuwa ya ja masa kwata zuwa kwamin alayyafo, har Inna ta daina sayen ganyen miya a wannan rani.