Wasiƙa daga Guangzhou: dara ta shiga waya

Mako na uku ke nan da jami'armu ta turo mu daga Ingila zuwa nan ƙasar Sin, wata biyu za mu yi. Zafi da gumi sai wanda ya gani, amma akwai abincin halal a Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu ke sauka.

Kun san darar da na rubuta wa Baba a kwamfuta tun da ƙafa ta hana shi zuwa dandali, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Da harshen C na rubuta ta, shi ya sa ba ta buɗuwa a waya, Baba kuwa ba shi da kwamfuta.

A nan garin aka ƙirƙiro WeChat a 2011, kuma tun ƙarshen 2017 suka sa ƙananan wasanni a cikinta, ka taɓa kawai ka fara, babu saukarwa. Kullum ina ganin mutane suna yi a jirgin ƙasa, sai na ce ai ko Baba irin wannan yake bukata.

Na yi amfani da Emscripten, manhajar da Alon Zakai ya soma a 2010. Tafinta ce: ka ba ta rubutun C, ta mayar da shi WebAssembly, wanda Chrome da Firefox suke ganewa tun 2017. Inda aikin yake shi ne nan. A kwamfuta wasa yana ta zagaye ba tsayawa, yana jiran ka motsa ɗa. Burauza ba ta yarda da haka, in ka riƙe ta sai shafin ya sandare. Dole na sake tsarin yadda ita za ta riƙa kiran wasan, wajen sau 60 a daƙiƙa, ya yi nasa ya sake ta. Dare huɗu wannan ya ci mini. Hotunan ma sai an ƙunshe su tare, don shafi ba ya leƙa ma'ajiyar wayar mutum.

Wani Alhaji mai sayen atamfa ya gwada ranar Juma'a, ya ci kwamfutar sau uku a jere, ya ce yarinya ce.

Yaya, na aiko adireshin ta imel. Don Allah ki buɗe wa Baba bayan la'asar, ki faɗa mini ko gurabun sun yi wa yatsansa ƙanƙanta. A gaida Inna da yara. Wassalam.