Lokacin da Fasto Yake Dangin Wanda Dangi Suka Bari

Wanda ya san ƙasar Madawa, daga Azarori zuwa Buza har Keita, ya san Kiristoci a nan 'yan tsiraru ne. Ƙasa ce ta Musulmi, Hausawa da Buzayen Kel Gress, kuma ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, a 1956 kuma asibitin kutare na Danja. Ta waɗannan ƙofofi yawancin masu bi na farko suka shigo: majinyacin da ya daɗe a kwance, ɗan aikin asibiti, yaron da ya koyi karatun boko ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa a 1932. Da ƙasa ta sami 'yancin kai a 1960, ekklesiyar EERN ta tsaya da ƙafarta, kiwon wannan ɗan garke ya fara komawa hannun 'yan ƙasa.

A wancan zamani ba a ɓoye wa kowa tsadar zama mai bi. Mutum kan yi watanni a ajin baftisma, dattawa suna tambayarsa a fili: idan baba ya hana ka gona fa? Idan surukai suka zo suka ɗauke matarka? Tambayoyin nan daga abin da ido ya gani suka fito. Ba a cika dukan mai bi ba, ba a cika korarsa da sanda ba. Abin da ke faruwa ya fi haka shiru, ya fi haka ciwo. Da daddare a fito da tuwo, 'yan'uwa su zauna a kwano ɗaya kamar kullum, shi kuma a zuba masa nasa a wani kwano daban, a ajiye can gefe. A yi gayya a gonar kowa, tasa a tsallake. A yi suna a gidan wansa, goro ya zaga gari bai iso ƙofarsa ba. 'Yarsa ta isa aure, babu mai sallama. Tsoho kuwa tambaya ɗaya ke hana shi barci: ranar da na mutu, wa zai wanke ni, wa zai kai ni makwanci?

Saboda haka mutane da dama suka koma addininsu na da. A bakin masu bi akan ce wane “ya ja da baya.” Kaɗan ne a cikinsu suka koma don an kayar da su a muhawara. Kaɗaici ne ya ci ƙarfinsu, domin a ƙauyen Hausa mutumin da ba shi da dangi ba shi da rumbu, ba shi da mai ba shi rance, ba shi da mai tsaya masa a gaban maigari.

Tsoffin masu bishara sun gane wannan sarai. Yawancinsu manoma ne, albashinsu bai taka kara ya karya ba, ana kiransu Malam kamar kowane malami. Majami'arsu sau da yawa rumfar zana ce, baikon Lahadi kuma damin gero ko tiyar wake. Idan aka kori saurayi daga gida, a zauren Malam yake kwana, matar Malam ta ƙara ruwa a tukunya. Malam ne zai yanka masa wani gefen gonarsa, shi ne zai hau keke ya tafi wani gari neman masa aure a gidan masu bi, shi ne zai zauna a matsayin uba ranar ɗaurin auren. Wanda ya ja da baya kuma ba a ambaton sunansa a wa'azi don a kunyata shi. Malam zai ci gaba da zuwa gaishe shi, ya zauna a tabarma, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi masa ta'aziyya in an yi rashi. Suna tuna cewa Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, kuma shi ɗin aka danƙa wa kiwon tumaki. Wasu sun dawo bayan shekaru, wasu ba su dawo ba, amma zumunci bai yanke ba.

Yunwar 1973 da ta 1984 sun kawo wani gwaji. Hatsin agaji ya bi ta hannun mishan, majami'u suka cika, da damina ta yi kyau suka sake raguwa. Fastocin kirki ba su zagi kowa ba, don mai yunwa ba ya da laifi in ya bi inda abinci yake. Darasin da suka ɗauka shi ne a ciyar da kowa, Musulmi da Kirista, ba tare da sharaɗi ba, kada hatsi ya zama kuɗin sayen bangaskiya.

A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. A Yunin 2019 aka sake cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi tir da ta'asar 2015, kuma maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye Kiristoci da yawa a gidajensu. Wannan alheri bai faɗo daga sama ba. Shekaru ne na gaisuwa da ta'aziyya da jinya suka haife shi, irin aikin da tsoffin malaman nan suka yi ba tare da kowa ya rubuta ba.

Yau abin da ke damuna shi ne wa'azin da ke zuwa mana ta rediyo da waya, mai alkawarin arziki da buɗi da warkarwa nan take, wanda ba ya ambaton gicciye. Wanda aka kira da alkawarin riba, ranar da asara ta zo zai tafi, kuma ba shi kaɗai ke da alhakin tafiyarsa ba. Fasto ya faɗa wa mai neman baftisma gaskiyar abin da ke jiransa. Ekklesiya kuma, kafin ta zargi wanda ya ja da baya, ta tambayi kanta ko ta ba shi wurin kwana, ta yi masa noma, ta nema wa 'ya'yansa aure. Matuƙar ba mu ɗauki rabin kayan ɗan'uwa ba, ba mu da bakin cewa ya kasa ɗauka.