Taya ta cikin gida take mutuwa

Shekara goma sha ina koyarwa a ƙauyukan Kalfu, kuma duk ƙarshen wata mota ce ke kai ni Tawa. Wanda ya yi irin wannan zirga-zirga a kan duwatsun Adar dole ya san wani abu game da ƙafar mota, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yayi da na ga ya fara shiga samarinmu, har da malamai matasa: a sayi ƙaramar mota, a kai ta gareji a sassauke ta har cikinta ya kusa shafar ƙasa, don haka suka gani a TikTok.

Galibin ƙananan motocin da ke hannunmu tsofaffin Turai ne da suka shigo ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. An ƙera su don kwalta mai santsi, tun asali ma ba su da tsayin da hanyoyinmu ke buƙata. Tsofaffin direbobi ƙara wa mota tsayi suke yi. Yaro kuma ya zo ya ce a yanke masa sifirin.

Ɗan yayata yana koyon aiki a wani gareji a Tawa, shi ya fahimtar da ni abin da ke faruwa. Kowace ƙafa tana rataye ne da ƙarafa masu motsi sama da ƙasa. Idan gangar mota ta sauka, ƙarafan sai su canja zama, kan taya ya karkata zuwa ciki, gindinta ya buɗe waje. Wannan karkata ita ce Faransawa ke kira karosaj. Kamfani kan bar 'yar kaɗan da gangan, kamar digiri ɗaya ko ƙasa da haka, don mota ta kama ƙasa a kwana. Idan ta wuce kima, nauyin duka sai ya koma gefen ciki, can ne kuma roba za ta cinye.

Ya ce mini, "Kawu, karkatar ma ba ita ce ta fi cin taya ba." Sauke mota yana taɓa inda ƙafafun gaba suke duba. Idan ba su kalli gaba sak ba, taya tana tafiya tana goge kwalta a kaikaice, kamar mai jan takalmi. Wannan shi ne paralelisim da makanikai ke gyarawa. Saboda haka duk wanda ya taɓa tsayin motarsa, tilas ya kai a auna masa duka biyun. A wasu motoci ana canja kusoshin da suka haɗa amortisa da ƙafa, a sa masu ba da damar juyawa har taya ta miƙe. Yanke sifirin kuwa ba gyara ba ne: yana iya zamewa daga mazauninsa idan ƙafa ta faɗa rami, amortisa kuma ta mutu da wuri.

Iyaye za su ce ina ruwanmu, mu da ba mu da mota. Da ruwanmu. Lodi ma sauke mota yake yi. Ƙaramar motar haya da aka ɗora wa buhunan hatsi da mutum tara ta zauna ƙasa kamar wadda aka yanke wa sifirin, kuma idan ƙafafunta na baya kowace da nata rataye, za ku ga sun buɗe kamar ƙafafun jaki mai kaya. Land Cruiser ta daji da bayan Hilux ba sa yin haka, don ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafun, amma zafi da nauyi suna gasa tayarsu duk da haka. Cikin irin waɗannan motoci muke zuba 'ya'yanmu masu karatu a Tawa duk hutu, wasu har Ƙonni, wasu ta hanyar Abalak mai ramuka.

Haɗarin shi ne cin na ɓoye ne. Ka tsaya gefen mota, taya tana maka kyau, alhali gefen ciki ya kai waya. Abin da nake yi ba ya cin minti biyu. Ina roƙon direba ya murɗa sitiyari har ƙarshe, in duba cikin tayar gaba, in shafa ta baya da hannu. A Turai doka ba ta yarda zanen taya ya gaza milimita 1.6 ba. A jikin taya kuma, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Yawancin tayoyin da muke saye 'yan gwanjo ne, sun tsufa tun kafin su iso.

Ga malamai kuwa, a nan akwai darasin kusurwa da ya fi na allo. Na sha fitar da 'yan CM2 da zare da ɗan dutse irin ma'aunin magina. A wuri mai daidai, a saki zaren gefen ƙafa, a auna tazararsa da bakin ƙarfen taya sama da ƙasa. A ƙarfe mai faɗin santimita 40, bambancin milimita 7 kusan digiri ɗaya ne. Idan sun sami milimita 20, sun san wannan taya ba za ta yi tsawon rai ba. Wasu daga cikin yaran nan gobe su ne yaran mota, su ne direbobi, su ne masu gareji.

Saurayin da ke son motarsa ta kwanta, ba na zaginsa, kuɗinsa ne. Amma ya sani zai riƙa sayen taya kafin lokaci, kuma dutse ɗaya a hanyar ƙauyensu ya isa ya fasa masa tukunyar man inji. Mu kuma iyaye, kafin mu miƙa kuɗin mota mu ce wa yaro Allah ya kiyaye hanya, mu sunkuya mu dubi cikin taya.