Ɗalibarki Mai Naɗe Hannu

Ƙawata,

Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonki ya iso, kuma tun ranar ɗalibarki take raina, kurmar nan da kika ce zango biyu ke nan tana shiga ajin zane ta zauna ta naɗe hannu, ko fensir ba ta taɓawa, har kin soma zargin kanki. Don Allah ki cire wannan a ranki, ki ji labarin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto.

A 1974, a birnin Oakland na jihar Kalifoniya ta Amurka, wata malamar zane, Florence Ludins-Katz, da mijinta Elias Katz, masanin halayyar ɗan'adam, suka buɗe wurin da suka kira Creative Growth. Lokacin ana ta sallamo masu lalurar ƙwaƙwalwa daga manyan gidajen da gwamnati ke killace su, sun fito gari ba aiki ba sana'a. Florence ta ce a ba su fenti da takarda da laka, a sa ƙwararrun masu zane kusa da su, a nuna aikinsu a sayar kamar na kowa. Babu jarrabawa, babu “yi kamar nawa”. Daga baya suka kafa wasu wurare irinsa, NIAD a 1982 da Creativity Explored a 1983, kafin Florence ta rasu a 1990.

Amma wadda nake so ki sani ita ce Judith Scott. An haife ta a 1943 da lalurar da likitoci ke kira Down, ga kurumta da aka yi shekaru da dama ba a gano ba, ana ta ɗauka ba ta gane komai. Tana shekara 7 aka raba ta da 'yar'uwarta Joyce, tagwaye ne fa, aka kai ta gidan killacewa a Ohio. Shekara 35 tana can! Duk sanda na zo nan sai ƙwalla ta cika mini ido. Joyce ce ta ɗauko ta, a 1987 Judith ta shiga Creative Growth.

Kusan shekara 2 fenti bai ja hankalinta ba, kuma ba wanda ya kore ta ko ya matsa mata. Sai wata mai aikin zare, Sylvia Seventy, ta zo koyarwa. Judith ta ɗauki sanduna ta shiga naɗe su da zare da ƙyalle. Shi ke nan. Lema, mujalla, tayar keke, duk abin da hannunta ya kai sai ta lulluɓe shi, ta ƙulle, wani aikin ya ci watanni. Haka ta yi har rasuwarta a 2005. A 2014 gidan tarihi na Brooklyn ya yi baje kolin ayyukanta ita kaɗai.

To ke zango biyu kawai kika yi. Wa ya sani ko fensir ɗin ne ba nata ba? Ki je wurin telanki ki karɓo ragowar atamfa, ki haɗa da zare da kaba da ɗan yumɓu, ki ajiye a gabanta ki koma gefe. Ki kuma roƙi mahaifiyarta kada ta daina kawo ta.

Ki rubuto mini abin da ta fara taɓawa. A gaida Inna da maigida da yara.

Taki har kullum,
Ƙawarki